Shekara 11 ina jinyar Mama, yanzu ta tafi: ina nufin Allah a kaina?

Mai kula da zaure

Salama gare ku 'yan'uwa. Wata 'yar'uwarmu ce ta aiko da wannan, ta roƙa a sakaya sunanta. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa, a kuma tausasa harshe, har yanzu tana cikin makoki.

'Yar'uwa mai neman shawara

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyayena da yayyena da ƙannena. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ina yi musu addu'a, yau ga tawa ta kawo ni.

Shekarata 35. Asalinmu mutanen wajen Malumfashi ne, amma a Zariya aka haife ni. Mu huɗu ne a wurin Mama, maza uku sai ni auta. Baba ya rasu ina aji huɗu na firamare, da kuɗin ƙosai da koko Mama ta yi mana makaranta. A 2011 na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ranar da na fara zuwa gida da farar riga, Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta kama hannuna tana shiga da ni gida gida.

A watan Afrilun 2013, ina shekara ta biyu, ta yanke jiki ta faɗi a bakin kaskon ƙosai da asuba. Ashe hawan jini ya daɗe yana cin ta ba mu sani ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yayyena suka ce in dakata da karatu na zango ɗaya kafin a ga yadda za a yi, tunda ni ce mace kuma na fara sanin aikin. Zango ɗayan nan shi ne ya zama shekara 11.

Wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba. Duk bayan awa biyu sai na juya ta, dare da rana, don kada gyambo ya fito mata a baya. In dama mata kunu da kauri don kada ta ƙware, in ba ta da ƙaramin cokali, wani lokaci kofi ɗaya ya ɗauke mu awa guda. Wankin zannuwa kullum, shafa man kaɗanya, miƙar da hannu da ƙafa kamar yadda masu gashin ƙashi suka koya mini. A shekarun nan duka ko gyambo ɗaya bai fito mata ba. Abin mamaki kuma, ba ta iya kiran sunana, amma in na ɗauko waƙar sujada sai in ji tana bi na, kalmomin suna fita sarai. Haka muke hira, da waƙa.

Akwai wanda ya so ni, har an kai kuɗin gaisuwa. Ya jira shekara uku, daga baya ya zo ya durƙusa a gaban Mama ya ba da haƙuri. Ban ƙullace shi ba. Yanzu 'ya'yansa uku.

Mama ta huta a watan Maris na 2024. A ciwonta na ƙarshe, wadda ta zo sa mata ƙarin ruwa a asibiti 'yar ajinmu ce, yanzu ita ce babba a ɗakin. Ta rungume ni, ta yi mana kirki ƙwarai. Ni kuwa ina tsaye riƙe da bokitin wanki, na rasa inda zan sa idona.

Tun ranar jana'iza kowa ya zo ta'aziyya maganarsa ɗaya ce: Allah yana da nufi a kanki, shi ne maginin tukwane, bai yi ki a banza ba. Ina cewa amin. Amma da dare har yanzu ina farkawa ƙarfe biyu don in juya ta, sai in ga gado babu kowa, sai tambaya ta taso mini: in Allah yana siffanta kowa da nufi, shekarun nan 11 suna cikin ginin, ko kuwa ajiye ni aka yi a gefe aka ci gaba da gina wasu? Babu takarda, babu miji, babu ɗa, babu sana'a.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daren da aka binne ta na yi barci har rana ta fito, kuma da na farka na ji wani sauƙi a ƙirjina. Wannan abu yana cin raina. Wace irin 'ya ce za ta ji sauƙi uwarta na cikin kabari?

Yanzu hanya uku ce a gabana. Babban yayanmu da ke Abuja ya ce in koma wurinsa in riƙa kula da yaransa, tunda matarsa tana aiki. Iyayenmu na Zumuntar Mata suna yi mini maganar wani dattijon ikkilisiya, shekararsa 56, matarsa ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu, mutumin kirki ne kowa ya shaida. Zuciyata kuwa makaranta take so, amma ina jin kunyar zama aji ɗaya da yaran da na goya. Ku taimake ni, ta yaya mutum yake gane nufin Allah? Kuma wace hanya zan bi?

Ɗan ƙungiyar mawaƙa

Anti, ki share hawayenki! Irmiya 29:11, Allah ya san shirin da yake da shi dominki, shiri ne na alheri. Zai mayar miki da shekarun da fara ta cinye. Ayuba ma ninki biyu aka mayar masa. Na gaskata kafin shekarar nan ta ƙare za mu zo shan biki, cikin sunan Yesu.

Maman Tagwaye

'Yata, sannu. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ta'azantar da ke. Ni maganar barcin nan zan fara taɓawa, don na ga nan ne ƙayar ta soke ki. Na yi jinyar maigidana shekara huɗu, ciwon ƙoda. Ranar da aka dawo daga maƙabarta na ci tuwo malmala biyu, na kwanta ban motsa ba sai washegari da hantsi. Na yi wata shida ina tuhumar kaina, sai da wata tsohuwa a zumuntarmu ta ce mini, ke, jiki magayi, an sauke masa kaya ne ya yi ajiyar zuciya. Ba mutuwarta kika yi wa murna ba. Wahalarta ce ta ƙare, taki ma ta ƙare, jikinki ya riga zuciyarki sani. 'Yar da ba ta ƙaunar uwarta ba ta tashi ƙarfe biyun dare shekara 11. Wannan nauyi ba naki ba ne, ki ajiye shi.

Maganar Abuja kuwa, ban hana ki zumunci ba, amma ki buɗe ido. An ce miki zango ɗaya a 2013. Yanzu ma za a ce miki kafin yara su yi wayo.

Wani ɗan'uwa daga Kaduna

Ni dai gaskiya wannan abu ba haka kawai ba ne. Karatu ya tsaya, aure ya watse, duk a kan mutum ɗaya? Akwai hannu a ciki. 'Yar'uwa ki bincika danginku, wani ya ɗaure tauraronki. Akwai masu addu'a da suke kwance irin wannan, in kina so a haɗa ki da su.

Mai kula da zaure

Ɗan'uwa, ba ma haɗa kowa da kowa a nan, kuma ba ma jefa zargi a cikin dangin mutane. Ta faɗi abin da ya kayar da mahaifiyarta, hawan jini ne. Da almajirai suka ga makahon nan a Yahaya sura 9, su ma mai laifi suka fara nema, shi ko iyayensa. Ubangiji ya ce ba ko ɗaya. Mu tsaya a nan.

Baba Fasto mai ritaya

'Yata, na karanta saƙonki sau biyu, na ajiye waya na yi shiru tukuna. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata, har Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu. Shekara 38 na yi ina aikin ikkilisiya, kuma na sha yin kuskuren nan a gidajen makoki. Saboda haka zan yi a hankali.

Ɗana mawaƙi, ayar da ka kawo gaskiya ce, amma ka koma ka karanta surar daga farkonta. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila. A sura 28 wani annabi, Hananiya, ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo. Daɗin ji, amma ƙarya ce. Irmiya ya ce shekara 70 ne, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar garin da kuke. Yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin nan a Babila aka binne su. Shirin alherin gaskiya ne, amma ba da kalandarmu yake tafiya ba. Kada mu sa wa 'yar'uwarmu ranar biki, in ranar ta wuce ta ɗauka Allah ne ya saɓa.

Yanzu ke, 'yata. Kin tambaya ko an ajiye ki a gefe ne. Ina ganin kuskuren da muka koya muku daga bagade shi ne, mun sa kuna ɗauka nufin Allah wata kujera ce a can gaba, wadda in mutum ya makara wani ya zauna. Sai duk abin da ya faru kafin kujerar ya zama ɓata lokaci. To, Ubangijinmu da kansa yana da wajen shekara 30 ya fara hidima a fili, Luka ya faɗa. Shekarun baya fa? Mutanen Nazarat massassaƙi suka san shi, ɗan Maryamu. Ba wanda zai ce shekarun sassaƙa ba sa cikin nufin Uba. Yana kan gicciye kuma, numfashi na ƙarewa, sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. A Markus sura 7 ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. A Matiyu 25 ya ce wanda ya kula da marar lafiya, shi ya kula da shi. Kofin kunun nan da yake ɗaukar ki awa guda, 'yata, ba jiran aikin Allah kike yi ba a lokacin. Kina cikinsa tsundum.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya wanke yayyenki da ita. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Da ya ce wa 'yan'uwansa Allah ya nufi abin da alheri, bai ce sun kyauta ba. A numfashi ɗaya ya ce ku kun nufe ni da mugunta. Maza uku su bar wa ƙanwarsu jinya ita kaɗai har karatunta ya mutu, wannan ba daidai ba ne, ko da Allah ya fitar da zinariya daga ciki. Kina da izinin jin zafin abin da kika rasa. Na'omi ta koma Baitalami ta ce kada a ƙara kiranta Na'omi, a kira ta Mara, don rayuwarta ta yi ɗaci, kuma Allah bai kore ta ba saboda ta faɗa. Zabura 88 da duhu ta ƙare, amma tana cikin Littafi.

Abu na ƙarshe, mu da muka tashi a ikkilisiyar ECWA mun san labarin nan. A watan Disamban 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wanda ya tsaya a bakin kabarin Gowans a shekarar da ya mutu, asara kawai zai gani. Ban kawo wannan don in yi miki alkawarin suna ko girma ba. Ina nuna miki ne cewa mai rayuwar ba shi ne yake ganin dukan zanen ba, don haka kada ki yanke wa shekarunki hukunci tun yanzu.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa

Na karɓi gyara, Baba. Anti ki yafe mini, zumuɗin son ganin kin yi dariya ne.

Ɗiyar maginiya, daga Damagaram

Salama 'yar'uwa. Tunda kowa maganar maginin tukwane yake miki, bari in gaya miki yadda aikin yake, don a gindinsa na tashi. Innata maginiya ce a wajen Mirya, tuluna da randuna take yi.

Ba a ɗebo yumɓu yau a gina yau. Sai an jiƙa shi ya kwana, a tattake shi da ƙafa, a bi shi da yatsa ana tsince tsakuwa da saiwa ɗaya ɗaya, don tsakuwa guda in ta ɓuya ita za ta fasa tulun a wuta. In an gina kuma ba a kai shi rana. Inuwa ake kai shi, cikin ɗaki, ya yi kwanaki yana shan iska a hankali. Ina yarinya nakan ga tuluna jere a ɗakin nan shiru, in ce Inna ta manta da su. Ashe kullum da safe sai ta shiga ta ƙwanƙwasa su da yatsa, ta juya wannan, ta rufe wancan da tsumma. Wanda aka yi wa gaggawa aka fitar rana, shi ne yake tsagewa.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Tukwanen da suka fashe Inna ba ta zubarwa. Tsingaron take tarawa ta daka a turmi ya yi laushi, ta cuɗa cikin sabon yumɓu. Ta ce yumɓu zalla ba ya jure wuta, sai an sa masa wanda ya taɓa shiga wuta.

A Irmiya 18 ma, tukunyar a hannun maginin ta lalace, ba a hannun wani ba. Bai jefar ba, ya sake gina wata da yumɓun nan dai, yadda ya ga ya dace. Wata ce fa, ba irin ta farko ba. Mai yiwuwa farar rigar da za ki sa nan gaba ba irin ta 2011 ba ce. Ni dai ban ga wadda aka manta da ita a ɗaki ba a cikin labarinki.

Malamar asibiti

Ƙanwata, iyaye sun yi maganar zuciya, ni bari in yi ta aiki. Shekarata 19 ina jinya. Kin ce ba ki da sana'a, ban yarda ba. Majinyaci mai shanyewar ɓarin jiki ya yi shekara 11 a kwance babu gyambo ko ɗaya? A ɗakinmu muna da ma'aikata da katifu na musamman, amma wani lokaci cikin mako biyu gyambo yake fitowa. Abin da hannunki ya sani, ɗalibai da yawa suna gama makaranta ba su san shi ba.

Ki fara da takardunki. Ki nemo sakamakon WAEC ko NECO ɗinki, ki duba ko kina da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama bai wuce biyu ba. Sakamakon ba ya ruɓewa. Ki je tsohuwar makarantarku da ƙafarki, zuwa da kai ya fi saƙo, ki tambayi abin da ya rage na bayananki da sharuɗɗan shiga na yanzu, domin makarantun jinya da yawa sun koma tsarin kwaleji, ta JAMB ake shiga. Ki kuma leƙa makarantun fasahar kiwon lafiya. Karatun ma'aikatan lafiya na al'umma, wanda ake kira CHEW, shekara uku ne, ƙaraminsa kuma shekara biyu, su ne suke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Kafin nan, akwai iyalai da yawa da suke neman mai kula da tsofaffinsu a gida da albashi. Ki yi da yarjejeniya a rubuce, da awannin aiki da ranar hutu, kada a mayar da ke 'yar aiki.

Kunyar aji kuwa, gemu ba ya hana ilimi. A ajinmu akwai wata mai 'ya'ya biyar, Mama muke kiranta, ita ce ta riƙe mu duka. In kin shiga yanzu, kina da shekara 39 ko 40 kin gama. In ba ki shiga ba ma shekarun za su zo.

Sannan don Allah ki je a auna jininki, ke da yayyenki duka. Hawan jini yana bin gida, kuma ba ya sallama.

Wani yaya daga Jos

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ni ne irin yayan da ake magana. Mahaifinmu ya yi shekara shida a kwance, ƙanwata ce ta riƙe shi. Ni ina aika kuɗi ƙarshen wata, in zo Kirsimeti da buhun shinkafa, ina ganin na yi abin da ya kamata. Ban taɓa kwana ɗaya a ɗakin ba. Sai bayan rasuwarsa wani kawunmu ya zaunar da mu ya ce, ku lissafa mini nawa za ku biya baƙo ya yi abin da yarinyar nan ta yi. Muka kasa ɗaga kai.

Ƙanwata, mai yiwuwa yayyenki ba mugaye ba ne, ba su gani ba ne, kamar yadda ban gani ba. Kada ki yi musu ta waya. Ki sami kawu ko gwaggo da suke jin nauyinsa, ko fastonku, a zauna. Ki faɗa musu a fili cewa makaranta kike so, kuma su ukun su ɗauki kuɗinta da na zamanki har ki gama. Ba roƙo ba ne, bashi ne. A kuma yi maganar ɗakin da kike ciki tun yanzu, kafin wani ya kawo zancen sayar da gida. Tamu ƙanwar ta gama karatun koyarwa bara.

Mama Shugabar Zumunta

Ni kuma ina roƙo kada a yi watsi da maganar dattijon nan kamar abin kunya ne. Rut ma jinyar tsohuwa ta yi, ta bar ƙasarsu saboda surukarta, kala ta je yi a gona don su ci, Bo'aza kuma ba yaro ba ne. Daga gidan nan aka sami Obida, kakan Dawuda. Zaman kaɗaici yana da wuya, 'yata, mu da muka ga jiya muka ga yau mun sani. Aure kuma ba ya hana karatu in an dace da mutum.

Maman Tagwaye

Mama, gaskiyarku ne, ba mu ƙi ba. Amma a tambaye shi tukuna: mata yake nema ko mai reno? 'Ya'ya huɗu ba wasa ba ne. Yarinyar nan ko wata takwas ba ta yi da sauke kaya ba. Ta gaya masa tana son makaranta shekara uku, ta ga fuskarsa. In ya ce zai jira ko zai tsaya mata, to a yi magana. Kuma a tambaye ta ita ma ko tana sonsa, don a duk saƙonta ta ce mutumin kirki ne, ba ta ce ya kwanta mata ba.

Mama Shugabar Zumunta

Wannan kuma haka ne. A ba ta lokaci, mu ma za mu rage matsa mata.

Baba Fasto mai ritaya

Na manta ban amsa tambayarki ta yadda ake ganewa ba. 'Yata, kada ki zauna jiran mafarki ko murya. Hanyoyin nan uku babu zunubi a cikinsu, saboda haka ba tarko Allah ya ɗana miki ba, wanda in kin kuskure ɗaya shi ke nan. Ki duba abin da ya sa a hannunki, da abin da zuciyarki take komawa kansa in kin yi addu'a kin natsu, da abin da masu tsoron Allah da suka san ki suke gani a kanki. Rut sura 2 ta ce kamar katari ne ta faɗa gonar Bo'aza. Amma sai da ta fita kala tukuna. Ki taka, in ƙofa ta rufe ki ƙwanƙwasa ta gaba. Afisawa 2:10 ta kira mu aikin hannunsa, kuma bai gama da ke ba.

'Yar'uwa mai neman shawara

Iyayena da 'yan'uwana, na gode, Allah ya sāka. Kwana uku ina karantawa ina kuka, shi ya sa ban amsa da wuri ba. Maman Tagwaye, tun da na karanta naki na yi barci biyu ban farka ƙarfe biyu ba.

Ba zan ce muku tambayar ta tafi gaba ɗaya ba. Jiya na wuce ta gaban wani shagon ɗinki na ga fararen riguna a rataye, sai da na tsaya na jingina da bango. Amma Baba, maganar da kuka yi cewa ina cikin aikin ne ba jiransa nake ba, ina ta juya ta a raina.

Na buɗe akwatin Mama don neman takarduna. Suna can ƙasa, ta naɗe su a cikin zanen zumuntarta tun kafin ta faɗi, har da hoton ranar farar rigar. Kiredit ɗina shida, duk biyar da Malama ta lissafa suna ciki. Ranar Litinin zan je makarantar. Na kuma kira kawunmu na Malumfashi, ya ce zai tara yayyena ƙarshen wata, in zo da abin da nake so a rubuce. Dattijon kuma na aika masa ta hannun matar fastonmu cewa ya ba ni har bayan Ista.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya faɗi wata biyu da suka wuce, ta aiko a ara mata keken guragun Mama. Na kai da kaina. Na tarar an kwantar da shi rigingine tun safe, bayansa har ya fara ja. Na nuna mata yadda za ta naɗe zane a ƙarƙashinsa ta juya shi ita kaɗai ba tare da ta ji ciwon baya ba, da inda za ta sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Shi ma maganarsa ta ɗauke. Na ce mata ta gwada yi masa waƙar da ya sani. Yau da safe ta leƙo ta katanga ta ce ya bi ta baiti ɗaya.

Malamar asibiti, in akwai wanda yake da tsofaffin littattafan Kemistiri da Fizis na sakandare a Zariya ko Kaduna, ina so a ara mini ta hannun mai kula da zaure. Na duba tambayoyin JAMB na baya, Bayoloji yana nan a kaina, amma sauran biyun sai na fara daga tushe.

Malamar asibiti

Ina da su, na ɗiyata ne da ta gama bara. Ranar Asabar zan ba direban motar Zariya, mai kula da zaure zai gaya miki tashar. Ki je da katin shaidarki ranar Litinin, kuma ki karya kumallo kafin ki fita, layin ofishin yana da tsawo.